Zuwa Ga Kwamishinan Shari'a Na Jihar Kano: A Fito Da Fayilolin Masu Jiran Shari'a

Assalamu alaikum, mai girma Kwamishina kuma Babban Lauyan Gwamnati. Allah ya taya riƙo.

Maganar mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Kurmawa da Goron Dutse ce ta kawo ni, waɗanda babu alƙalin da ya same su da laifi, amma shekara ta zagayo ta tarar da su a kulle, wasu ma ta sake zagayowa. Kai lauya ne, ka fi ni sanin yadda abin yake tafiya. 'Yan sanda su kama yaro, su rubuta masa fashi da makami ko kisan kai, su gurfanar da shi gaban majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan tuhuma, sai ya ce a ajiye shi a gidan gyaran hali har ma'aikatarka ta ba da shawara a kan ko akwai hujjar yi masa shari'a. Daga nan sai shiru. Duk ranar da aka koma kotu, a Nomansland ne ko a Gyaɗi-gyaɗi, magana ɗaya ce: shawara ba ta fito ba, a ɗage. A nemi fayil a ma'aikata, a ce bai iso ba. A koma wajen 'yan sanda, su ce mai binciken an yi masa canjin wurin aiki. Uwa ta sayar da keken ɗinkinta a kan kuɗin mota da na abincin da take kai wa ɗanta, har yau ba a kira shaida ko ɗaya ba.

Ranka ya daɗe, ka rantse za ka kare tsarin mulkin 1999. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma a saurari shari'arsa cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Shekara uku ba tare da shaida ba, wane hankali ne zai ɗauka? Na san sashe na 35, wanda ya ce a saki mutum idan ya yi wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba, ya cire laifukan da hukuncinsu kisa ne. Shi ya sa rubuta wa talaka fashi ya zama hanya mafi sauƙi ta ɓatar da shi. Jihar nan ta yi dokar tafiyar da shari'ar laifuka a 2019 domin a kawo ƙarshen wannan jan ƙafa. Ina amfaninta ga wanda fayil ɗinsa ke kwance a durowa?

Za a ce mini gari ya cika da 'yan daba da masu ƙwacen waya. Gaskiya ne, mu ma da fargabarsu muke kwana. Amma jinkirin nan mai laifin gaske yake yi wa aiki: shaidu su watse, wanda aka cuta ya gaji da zirga-zirga ya haƙura, shari'a ta mutu. Wanda kamen kan mai uwa da wabi ya rutsa da shi kuwa, ya shiga yana ɗan koyon walda, ya fito ya haddace karatun ɓarayi. Ko a shari'ar Musulunci, kawo hujja a kan mai da'awa yake.

Sashe na 211 na tsarin mulki ya ba ka ikon shigar da ƙara, karɓe ta, ko janye ta. Don Allah ka yi amfani da shi. Ka sa a kawo maka sunan duk wanda ya haura wata shida yana jiran shawara, da ranar da aka kai shi, da inda fayil ɗinsa ya maƙale. Mai hujja a kansa a kai shi babbar kotu, wanda babu komai a kansa a sallame shi. Ziyarar da Alƙalin Alƙalai ke kai wa gidajen gyaran hali tana ceton wasu, amma ba za ta iya kwashe abin da ake tarawa kullum ba.

Akwai sauran: belin da aka rubuta kyauta ne a bango amma sai an biya, da kama uba a madadin ɗa alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta, da ƙarancin lauyoyin hukumar ba da agajin shari'a. Waɗannan sai wani jiƙon.

Yanzu dai ka yanka wa lauyoyinka wa'adin fitar da shawara a kan kowane fayil, ka sanar da shi a rediyo yadda iyayen yaran nan za su san ranar da za su zo su tambaya.

Wassalam,
Wani mazaunin Gwale, Kano