A Gano Dangin Ƙwayar Cuta Kafin A Ɗora Wa Shanu Laifin Zawon Yara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a jaridarka in yi tsokaci kan wata magana da ke dawowa kowace damina a nan ƙasar Daura. Da zarar yara sun fara zawo, sai a nuna tabkin da shanu ke sha a ce ga masomin. Na daɗe ina duba lafiyar dabbobi, na kuma san wani lokacin gaskiya ne, amma sau da yawa zato ne kawai.

Akwai wata ƙwayar cuta ta hanji da ake kira Kiriftosforidiyam. Wani babban bincike da aka buga a 2013 ya sa ta cikin manyan ƙwayoyi huɗu da ke kawo zawo mai tsanani ga ƙananan yara a Afirka da Kudancin Asiya. Iri biyu nata suka fi kama ɗan Adam, wato Parvum da Hominis. Parvum ta fi zama a cikin maruƙa, tana kuma tsallakowa jikin mutum. Hominis kuwa kusan a tsakaninmu kaɗai take yawo. A madubin likita kamar an tsaga kara suke, ba mai bambance su. Sai an ɗebi bahaya an karanta ƙwayoyin halittar ƙwayar cutar da na'urar PCR, wadda muka ji sunanta lokacin Korona, sannan a san daga wane gida ta fito. Haka ma Jiyadiya, wata ƙwayar cutar hanji mai kawo zawo: rukunin A da B ne suka fi kama mutane, C da D na karnuka, E na shanu da tumaki.

A 1993, a birnin Milwoki na Amurka, mutum sama da 400,000 suka kwanta bayan ƙwayar ta shiga ruwan famfo, domin sinadarin kulorin ba ya kashe ta yadda ya kamata. Da farko an zargi gonakin shanu. Da aka gwada daga baya, sai ga hominis, wato ƙazantar mutane ce. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ma ya fi nuna yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Ba wanke shanu nake yi ba. Yaron da ya share garke ya ci tuwo bai wanke hannu ba, ya ɗebo wa kansa. Amma in masai ne ke tsiyaya cikin rijiya, ko an kori duk makiyayan gari zawon na nan, sai ma gaba da za a ƙara tsakanin maƙwabta.

Don haka nake kira ga ma'aikatun lafiya da na dabbobi na Jihar Katsina da su haɗa hannu da masanan Jami'ar Umaru Musa Yar'adua. A ɗebi samfuri daga yara masu zawo, da maruƙan kasuwar Mai'aduwa, da rijiyoyin unguwanni a damina guda, a gwada su tare, a faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo.

Naka,
Tsohon malamin dabbobi,
Daura.