Masara a abincin kare: a san abin da ya kamata a ji tsoro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta yaɗu tsakanin masu kiwon karnuka, wai masara da sauran hatsi ba su da amfani a abincin kare, ciko ne kawai da kamfanoni ke zubawa domin buhu ya yi nauyi. Na daɗe ina kiwon karnuka, kuma maganar tana damuna, saboda ina ganin mutanen da ke kula da dabbobinsu tsakani da Allah suna gudun abin da ba ya cutarwa, alhali sun kau da kai daga abin da yake kashe kare a zahiri.

Babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa nama yake ci. Asalin gaskiya ne, amma kare ya yi dubban shekaru yana zaune da ɗan Adam yana cin ragowar abin da manomi ya ci, har cikinsa ya sauya. A shekarar 2013, Erik Axelsson da abokan aikinsa a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun wallafa bincike a mujallar Nature, inda suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke sa jiki ya samar da amiles, wato sinadarin da ke narkar da sitaci, guda 2 ce a jikin kyarkeci, amma a jikin kare takan kai daga 4 zuwa 30. Ashe ke nan narkar da hatsi na daga cikin abubuwan da suka raba kare da kakansa na daji.

Ita kanta masara, kusan kashi 70 cikin 100 nata sitaci ne, wanda ke ba kare kuzarin gudu da gadi, sannan tana da furotin kimanin kashi 8 zuwa 10, da mai kimanin kashi 4. Wannan mai yana ɗauke da sinadarin linolik, wanda jikin kare ba ya iya haɗa shi da kansa, kuma shi ne ke taimaka wa fata ta yi lafiya gashi ya yi sheƙi. Dusar hatsi kuma tana daidaita bahaya. Shinkafa ta fi sauƙin narkewa, shi ya sa likitocin dabbobi kan ba da shawarar dafaffiyarta ga karen da cikinsa ya ɓaci.

Na fahimci inda zargin ya samo asali, domin ni ma na taɓa gani da idona. Wata rana na ba karena tsabar masara da ba a niƙa ba, washegari na tarar da ƙwayoyin a kashinsa, rawaya, ba ko tsaga, kamar yanzu aka zuba su. Duk wanda ya ga haka zai rantse cewa masara wucewa kawai take yi. Dalilin shi ne kare ba ya tauna kamar yadda muke yi, haɗiya yake yi, kuma ɓawon tsabar yana da tauri. Idan aka niƙa ta gari aka dafa ta da kyau, kamar yadda injinan kamfani ke yi da zafi da tururi kafin a fitar da busasshen abincin nan mai ƙwaya-ƙwaya, kare yana narkar da fiye da kashi 90 cikin 100 na sitacin. Laifin na rashin niƙa da rashin dahuwa ne.

Zargi na biyu shi ne hatsi ne ke sa kare ƙaiƙayi da ƙurajen fata. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara rahotannin karnukan da aka tabbatar wani abinci ne jikinsu bai karɓa ba, ya nuna naman shanu ne kan gaba da kashi 34 cikin 100, sai madara da danginta kashi 17, kaza kashi 15, alkama kashi 13, masara kuwa kashi 4 kacal. Karen da ke yawan susa, a fara duba jikinsa ko akwai ƙuma kafin a ɗora wa masara laifi.

Duk da haka, ba zan yi wa masu karatu adalci ba idan na ɓoye gazawar masara, kuma a nan ne nake so masu haɗa wa karnukansu abinci a gida su saurara da kyau. Furotin ɗinta yana da ƙarancin laisin da tiriftofan, biyu daga cikin tubalan da jiki ke gina tsoka da su, kuma niyasin da ke cikinta, wanda nau'i ne na bitamin B, a ɗaure yake ta yadda hanji ba ya iya zuƙarsa sosai. Tarihi ya riƙe shaidar wannan. A shekarun 1920, likitan nan na Amurka Joseph Goldberger, wanda ya yi fama da binciken cutar felagra da ke addabar talakawan da masara ce cimarsu, ya ciyar da karnuka irin abincin waɗannan mutane, sai suka kamu da cutar da ake kira baƙin harshe: bakinsu ya yi gyambo, miyau na dalala, ga zawo. A 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya warkar da irin waɗannan karnuka da niyasin. Saboda haka karen da kullum hatsi zalla ake cika masa kwano zai ƙoshi, amma sannu a hankali zai lalace. Dole a haɗa masa da nama, kifi ko ƙwai. Hatsi kuma ba shi da isasshen kalsiyam, abin da ya fi shafar kwikwiyo mai tasowa wanda ƙashinsa ke ginuwa. Ƙa'idar ƙungiyar AAFCO, wadda masu haɗa abincin dabbobi a Amurka ke bi, ta sa mafi ƙarancin furotin kashi 18 cikin 100 ga babban kare, kashi 22.5 ga kwikwiyo, idan aka auna abincin bayan an cire ruwansa.

Su kuwa masu komawa abincin da aka rubuta a buhunsa cewa babu hatsi, ya kamata su san cewa sitaci yana nan, an dai musanya masara ne da dankali da dangin wake. A watan Yulin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cewa tana binciken rahotannin wata cutar zuciya, wadda tsokar zuciya ke saki ta kasa tura jini, a jikin karnukan da ba a san jinsinsu da gadon cutar ba. A bayaninta na 2019, fiye da kashi 90 cikin 100 na abincin da aka ambata a rahotannin marasa hatsi ne. Hukumar ba ta yanke hukuncin cewa rashin hatsin ne sanadi ba, amma a ganina wannan ya isa ya sa mutum ya tuntuɓi likitan dabbobi kafin ya sauya wa lafiyayyen kare abinci saboda talla.

Abin da ya cancanci tsoro a harkar masara shi ne funfuna. Idan aka adana hatsi cikin laima da zafi, wata irin funfuna kan tsiro a jikinsa ta fitar da gubar afalatoksin, wadda dahuwa ba ta kashe ta, kuma hantar kare ba ta jure mata, ga shi abinci iri ɗaya yake ci safe da yamma, gubar tana taruwa. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 an janye wasu nau'o'in abincin dabbobi daga kasuwannin Amurka saboda wannan guba, kuma FDA ta ce an kawo mata rahoton mutuwar dabbobi fiye da 110. Alamomin sun haɗa da kasala, ƙin cin abinci, amai, da idanu ko dasashi su koma rawaya, kuma duk wanda ya ga haka ya garzaya asibitin dabbobi da buhun abincin a hannunsa. Ni dai duk sanda na buɗe sabon buhu sai na sa hannu har ƙasa na ji ko akwai danshi ko dunƙulewa, na kuma sansana, sannan na ajiye shi a busasshen wuri nesa da ƙasa. Wannan ba ya kama kowace guba, domin takan kasance ba tare da an ga funfunar ba, amma hatsin da ya canza launi ko ya yi wari, wanda mutum ba zai ci ba, kada a ce bari a ba kare.

Haka kuma a kiyaye totuwar masara. Kare yana son gwaguyarta, ba ya narkar da ita, kuma guntunta kan toshe hanji har sai an yi masa tiyata.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani mai kiwon karnuka