Wa Ya Riƙe Kyamarar? Ƙorafi Kan Finafinan Tarihin Zuwa Sararin Samaniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da finafinan tarihin tafiyar ɗan Adam sararin samaniya, waɗanda gidajen talabijin kan tono duk watan Yuli, yanzu kuma suka cika YouTube. Ni tsohon malamin kimiyya ne da ya ajiye alli, kuma kallon waɗannan finafinai ya zame mini jiki. Ƙorafina shi ne yawancinsu kirari suke yi, bayani kaɗan. Wannan kirarin kuwa, a ganina, shi ne yake ƙara wa masu cewa duk labarin ƙarya ne ƙarfin gwiwa.

Duk shekarun da na yi ina koyarwa, da wuya in kawo zancen saukar kumbon Amurka Apollo 11 a duniyar wata ranar 20 ga Yuli, 1969, ba tare da wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, in Neil Armstrong ne mutum na farko da ya sauka, wa ya riga shi sauka ya ɗauke shi hoto?” Tambaya ce ta mai hankali, kuma amsarta ba ta da tsawo. An ɗaure kyamarar ne cikin wani akwati a jikin kumbon, kusa da tsani. Da Armstrong ya fito bakin ƙofa sai ya ja wani zobe, murfin akwatin ya buɗe, kyamarar ta fuskanci tsanin ta fara aiki. A kife ma aka ɗaura ta, sai da ma’aikatan ƙasa suka danna makunni suka daidaita hoton. Dalilin da ya sa hoton ya fito dishi-dishi kuwa, kyamarar hotuna 10 kacal take aikowa a daƙiƙa, tsarin da talabijin ɗin gida ba ta ganewa. Don haka a tashoshin da suka karɓi saƙon, a Ostireliya da Kalifoniya, sai aka kafa wata kyamarar tana ɗaukar fuskar allo, daga nan aka watsa wa duniya. Minti ɗaya ya isa a faɗi wannan duka. Amma a daidai wurin, mai fim ya fi son ya saka kiɗa mai tsuma zuciya, ya nuno fuskar wata mata tana share hawaye.

Wanda ya fi burge ni shi ne hoton tashin Apollo 17 daga kan wata a Disambar 1972, inda ake ganin kumbon ya zabura sama, kyamara tana binsa. Nan ma sai a ce, wa aka bari a can yana ɗauka? Ba kowa. Kyamarar tana kan motar da ’yan sama jannatin suka bari, wani ma’aikaci mai suna Ed Fendell ne yake juya ta daga cibiyar kula da tafiyar da ke birnin Houston na Amurka. Saƙon rediyo yana cin sama da daƙiƙa ɗaya kafin ya kai wata, hoton ma haka kafin ya dawo, saboda haka dole ya aika umarnin ɗaga kyamarar tun kumbon bai motsa ba, yana bin lissafin agogo, ba abin da idonsa ke gani ba. A Apollo 15 na’urar ɗaga kyamarar ta sami matsala, a Apollo 16 kumbon ya kuɓuce masa, sai a karo na uku ya dace. Tsakani da Allah, wannan labarin bai fi kiɗan daɗi ba?

Haka zancen tuta mai kaɗawa a inda babu iska: sanda aka zura mata ta sama don ta tsaya a buɗe, sandar kuma ta ƙi miƙewa duka, shi ya sa ta yamutse. Haka zancen rashin taurari a hoto: duk mai ɗaukar hoto ya san in ka saita kyamara don abu mai tsananin haske, ƙananan fitilu na nesa ɓacewa suke yi.

Sai dai laifin masu fim bai tsaya ga shiru ba, akwai kwaskwarima. Shahararren hoton nan da ake ganin wani ƙaton zobe yana rabuwa da roka yana wulwulawa zuwa ƙasa, wanda kusan kowane fim kan liƙa a labarin Apollo 11, ba na Apollo 11 ba ne. An ɗauke shi ne a gwaje-gwajen rokar Saturn V da aka yi babu kowa a ciki, kafin a fara ɗora mutane a kanta. Wani sanannen fim na 1989 ya tattaro hotunan tafiye-tafiye daban-daban ya ɗinke su tamkar tafiya ɗaya ce. Ga kuma rugugin inji da ake sakawa a sararin da sauti ba ya tafiya a cikinsa. Na san ba da mugun nufi ake yi ba, amma ranar da mai kallo ya gano an yi masa wannan, zai ce to sauran fa? Rubutu ɗan layi ɗaya a ƙasan allo, “wannan hoton daga tafiya kaza ne,” da ya kashe maganar. Shi ya sa na yaba wa fim ɗin Apollo 11 na 2019. Babu mai sharhi, babu tsofaffi zaune kan kujera suna tuna baya. Faifan asali ne masu faɗi da aka tono daga ma’ajiyar gwamnatin Amurka, aka haɗa da muryoyin ma’aikata da aka tace daga sa’o’i fiye da 11,000 na naɗin murya. Kana jin mutane suna karanta lambobi, suna tari, suna jira. Wannan jiran ya fi gamsar da ni fiye da kowane jawabi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da kanta ta amince a 2009 cewa kaset-kaset na asali da suka naɗi hoton saukar farko kai tsaye daga wata, an goge su an sake naɗar wani abu a kai. Abin kunya ne, kuma masu shakka suna kafa hujja da shi. To a faɗe shi a fim mana, a haɗa da sauran: kilo 382 na duwatsu da ƙasa da aka kwaso tsakanin 1969 da 1972, waɗanda masana na ƙasashe da dama suka bincika, madubban da Apollo 11, 14 da 15 suka girke, waɗanda har yau ake harba musu hasken leza ya dawo, da su ne ma aka auna cewa wata yana nisantar duniya da kusan santimita 3.8 a shekara. Babbar hujja kuma ita ce abokiyar gaba. A ranakun da Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka, kumbon Tarayyar Sobiyet marar matuƙi, Luna 15, yana kewaya watan, ya kuma faɗi ya tarwatse ranar 21 ga Yuli. Ƙasar da ke da na’urorin bin sawun kumbo, take kuma neman abin da za ta kunyata Amurka da shi, ba ta taɓa cewa ƙarya ne ba.

Tunda na ambaci Sobiyet, a nan ne finafinan suka fi gaggawa, alhali a nan labarin ya fi nama. Minti biyar ake ba su: Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, a 1957, Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, a 1961, sai a koma Amurka. Ba a cika faɗin cewa Gagarin, bayan zagayen da ya yi wa duniya ranar 12 ga Afrilu cikin minti 108, bai sauko a cikin kumbonsa ba. Kujerarsa ce ta cillo shi daga nisan kusan kilomita 7, ya sauka da laima a wata gona, inda ya tarar da wata manomiya da jikarta suna kallonsa a tsorace. Hukumomi sun ɓoye wannan shekaru da dama, saboda ƙa’idar masu rajistar bajintar jiragen sama ta ce sai matuƙi ya sauka tare da jirginsa. Karyar nan Laika, da aka ce ta yi kwanaki a raye a sama a 1957, sai a 2002 aka bayyana cewa zafi ya kashe ta cikin sa’o’i kaɗan. Alexei Leonov, wanda ya fara fita waje daga kumbo a Maris 1965, rigarsa ta kumbura ta sandare har ya kasa komawa ciki, sai da ya yi kasadar rage iskar da ke cikinta. Da shi da abokin tafiyarsa suka dawo kuma kumbon ya kauce, suka faɗa dajin ƙanƙara a yankin Perm, suka kwana biyu a can. Shi kansa Sergei Korolev, mutumin da ya tsara duk wannan, tsohon fursunan Stalin ne da ya yi aikin tilas a sansanin fursunoni na Kolyma, kuma jama’ar ƙasarsa ba su san sunansa ba sai da ya rasu a 1966. Rokarsu ta zuwa wata, N1, sau huɗu ana harba ta, sau huɗu tana tarwatsewa, kuma sun daɗe suna musun cewa sun taɓa shiga tseren ma.

Mutuwa ma akan nuna ta ne a matsayin wurin yin juyayi, a wuce. Ni kuwa a matsayina na malami, a nan darasin yake. ’Yan sama jannatin Apollo 1, Gus Grissom, Ed White da Roger Chaffee, sun mutu ranar 27 ga Janairu, 1967, a ƙasa, a lokacin gwaji, saboda an cika ɗakin kumbon da zallar iskar oksijin, ga kayan da ke cin wuta birjik, ƙofar kuma ta ciki take buɗewa, matsin iska ya danne ta. Bayan haka ne aka sake ƙofar ta koma buɗewa waje cikin ’yan daƙiƙu. Kumbon Amurka Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi ranar 28 ga Janairu, 1986, da mutum bakwai, har da malamar makaranta Christa McAuliffe, saboda wani zoben roba da sanyi ya hana shi toshe mahaɗar roka. Abin da ya fi ciwo, a daren jajibiri injiniyoyi sun ce kada a harba cikin wannan sanyin, manya suka ƙi ji. Daga baya masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar a kofin ruwan ƙanƙara a gaban kwamitin bincike, ya nuna wa kowa yadda take daskarewa. Fim ɗin da ya nuna hayaƙin fashewar sau biyar bai nuna kofin ruwan nan ba, ya cuci mai kallo.

Mutane kusan 400,000 ne suka yi aikin Apollo, amma fuskoki goma ake ta juya mana. Rigunan da aka taka wata da su, mata ne suka ɗinka su falle bisa falle a kan keken ɗinki, a kamfanin da asalinsa rigunan ciki na mata yake yi. Ƙwaƙwalwar kwamfutar kumbon ma saƙa ta aka yi da hannu, ana zura waya cikin ƙananan zobba. An fara tunawa da irin su Katherine Johnson mai lissafi da Margaret Hamilton mai tsara manhajar kwamfuta, na yarda, amma sai da aka yi shekaru hamsin ko kusa. Wernher von Braun kuwa, injiniyan da ya jagoranci ƙera rokar Saturn V, kullum da murmushi yake fitowa riƙe da samfurin roka. Ba a son a tsaya a kan cewa jami’in rundunar SS ta ’yan Nazi ne a Jamus ta Hitila, kuma rokarsa ta V-2 fursunoni ne suka ƙera ta a ramukan sansanin fursunoni na Mittelbau-Dora, inda dubbai suka mutu. Sannan kwana ɗaya kafin tashin Apollo 11, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya jagoranci talakawa da kekunan alfadarai zuwa ƙofar filin harba rokar, yana tambayar yadda ƙasa za ta kashe biliyoyin daloli zuwa wata alhali ’ya’yanta na kwana da yunwa. Shugaban NASA na lokacin, Thomas Paine, ya fito ya saurare shi. Ni ina cikin masu ganin tafiyar ta cancanta, amma tambayar Abernathy tana da haƙƙin minti biyu a kowane fim.

Kuma labarin bai ƙare a 1972 ba. Baƙar fata na farko da ya je sararin samaniya ɗan Kyuba ne, Arnaldo Tamayo Méndez, a kumbon Sobiyet a 1980. Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a 1985, Yang Liwei na Sin a 2003. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Oktoban 2007, cikin azumi, sai da malamai da masana kimiyya na ƙasarsa suka zauna suka fitar da jagora: yaya mutum zai yi salla a inda rana ke fitowa ta faɗi sau 16 cikin sa’o’i 24, ina alƙibla ga wanda ke zagaya duniya duk minti 90? Suka ce ya bi lokacin wurin da aka harba shi, ya fuskanci Ka’aba gwargwadon iko, in ya gagara ya fuskanci duniya. Wannan kaɗai ya isa fim guda.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta riƙa ware shafi lokaci-lokaci tana bitar irin waɗannan finafinai, a ba wanda ya san kimiyya ya kalla ya faɗa wa masu karatu wanne ne ya bayyana inda ya samo hotunansa, wanne ne kuma kiɗa kawai. Malaman makaranta da ke neman abin da za su nuna wa ɗalibai za su fi kowa amfana. In ana bukatar mai farawa, ga ni.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin kimiyya