Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugabar Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa (NEMA), Hajiya Zubaida Umar

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.

Maganar fom ɗin neman tallafi ce ta sa na rubuto, tun kafin damina ta sake kankama.

Lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya cinye unguwar Gwange da rabin Maiduguri, ina cikin samarin da suka zauna kan tabarma suna cike wa mutane takardu, tunda mu ne muka ɗan yi boko. Wani ofishi ne ya kawo fom ɗin, ba sai na kama suna ba. Turanci zalla, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ga shi ana neman lambar NIN da BVN da hoton fasfo. Wata dattijuwa ta zauna gabana, zanin jikinta ne kaɗai ta tsira da shi, na tambaye ta katinta ta ce yana cikin akwatin da ruwa ya tafi da shi, wayar ma haka. Wallahi na rasa me zan rubuta, na bar gurin fayau, har yau abin yana damuna don ban san ko an karɓi takardarta ba.

Sai gurin da aka ce sunan maigida. To bazawara mai marayu biyar fa? Ɗan haya fa, wanda gidan ba nasa ba amma kayan ɗakinsa kaf sun tafi?

Don Allah Hajiya ki sa hukumarki ta zauna da su SEMA, wato hukumomin agajin gaggawa na jihohi, a fitar da fom guda ɗaya, shafi ɗaya, da Hausa da Kanuri da Nupe da duk yaren da ake yi a wurin, har da ajami, don tsofaffinmu da yawa shi suke karantawa. Wanda katinsa ya salwanta a karɓi shaidar bulama ko mai unguwa, a nemi lambar daga baya. Kuma a riƙa yago wa mutum 'yar takarda mai lamba ya riƙe, ya san an karɓi nasa, ya san inda zai je ya bibiya, wannan kam ko ba a yi komai ba a yi shi.

Kafin a kai wajen bugawa a fara gwada shi kan mutanen Mokwa ta jihar Neja, da su ma ambaliya ta shafa, da na Gwange, a karanta musu, duk tambayar da suka ce "me ake nufi?" a sake ta.

Allah ya yi miki jagora.

Naki,
wani ɗan Maiduguri