Rahoton Ayyukan Shekara: Binciken Tarihin Iyayenmu da Suka Yi Yaƙin Duniya na Biyu

Assalamu alaikum. Iyayenmu maza da mata, 'yan uwa membobi, da matasanmu waɗanda suka ɗauki nauyin yawancin zirga-zirgar bana, kwamitin gudanarwa ya umarce ni, a matsayina na sakatare, da in gabatar muku da bayanin abin da ƙungiyarmu ta aiwatar a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin shiga da na kashewa yana hannun ma'aji, kuma zai gabatar da shi daban, saboda haka wannan rahoto ya tsaya a kan aikin da aka kafa ƙungiyar dominsa, wato gano inda iyayenmu da kakanninmu suka yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, da adana abin da ya rage a bakinsu. Muna roƙon Allah ya jiƙan mazan jiyan da muka rasa a cikin shekarar, ya ba iyalansu haƙuri.

Za ku tuna cewa a babban taron bara an yi doguwar muhawara a kan inda ya kamata mu fi mai da ƙarfinmu, tsakanin neman tsofaffin takardu da zama da tsofaffin sojojin da ke raye. Lissafin shekaru ne ya raba gardamar. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, shekarar da aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, an haife shi ne a 1925. Takardar da ke ajiye a Kaduna ko a Landan za mu same ta baɗi kamar yadda muka bar ta, amma ba mu da wannan tabbacin a kan dattijon da ya kai wannan shekaru. Saboda haka kwamiti ya sa hira da masu rai a gaba, kuma a kan wannan shawara aka tafiyar da kusan dukkan aikin bana.

Tsarin hirar ya ɗauke mu lokaci kafin ya zauna. Mun lura cewa dattijo ya fi sakin jiki da jikansa ko 'yarsa fiye da baƙon da ya zo da littafi da biro, don haka muka koya wa 'yan gida yadda za su ɗauki magana da wayar hannu, bayan sun nemi izinin tsohon a fili kuma an ɗauki amincewarsa a farkon faifan. Zaman safe, gajere, wanda za a maimaita bayan 'yan kwanaki, ya fi dogon zama guda amfani nesa ba kusa ba. Mun kuma hana tambayar nan ta "Baba, yaya yaƙi yake?", domin amsarta ba ta wuce "sai godiya". Ƙananan tambayoyi ne ke buɗe baki: wa ya kai sunanka wurin masu ɗaukar soja, a wane bariki aka koya muku fareti, wane ne samanjanku, kwana nawa kuka yi a jirgin ruwa, wace alama ce ɗinke a kafaɗar rigarka? Daga irin waɗannan tambayoyi ne labarin tekun da ba a ganin gaɓarsa ya fito, da saukar Bombay, da doguwar tafiyar jirgin ƙasa zuwa gabashin Indiya, da isa Chittagong, da shiga dazukan Arakan na ƙasar Bama.

Abin da ya fi maimaituwa a bakinsu ba harbi ba ne. Ruwan damina ne wanda ba ya ɗaukewa, da matsattsaku a ƙafa, da zazzaɓin cizon sauro da atuni waɗanda suka kwantar da maza da yawa, da jiran jirgin sama ya sako abinci da harsashi da lema, domin a kwarin Kaladan a 1944 Runduna ta 81 ta dogara ne ga kayan da ake jefo mata daga sama. Wani abu da ya kamata membobi su sani shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka je ba bindiga aka ba su ba, kaya aka ɗora musu a ka. An kafa rukunoni na musamman na masu dako waɗanda ke bin mayaƙa cikin tsaunukan da mota ba ta shiga, kuma har alamar Runduna ta 82 ta shaida haka, domin mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Mun ci karo da iyalan da suka ji nauyin faɗa mana cewa kakansu ɗan dako ne. Ra'ayin kwamiti shi ne babu abin jin kunya a nan: mutumin da ya hau dutse da akwatin harsashi a kansa, Japanawa suna ɓoye a gaba, shi kuma babu makami a hannunsa, ya cancanci a rubuta sunansa a layi ɗaya da kowa, kuma haka muka rubuta.

Akwai kuma waɗanda suka yi shiru. Wani dattijo ya ba mu labarin tafiya da dawowa dalla-dalla, amma da aka zo watannin da ke tsakani sai ya ce a bar maganar. Wasu matasanmu sun so a koma a sake gwadawa ta wata hanya, kwamiti bai yarda ba, kuma ina neman wannan taro ya tabbatar da hakan a matsayin ƙa'ida. Mutumin da ya riƙe abu a cikinsa fiye da shekara 70 yana da dalilinsa, kuma ba mu da haƙƙin tayar masa da abin da zai hana shi barci don kawai mu cika fayil. A irin wannan wuri mai rubutawa yana sa alamar cewa Baba ya zaɓi yin shiru, ya wuce.

Mafi girman ribar da muka samu a bana ta fito ne daga ɓangaren mata. Da 'yan uwanmu mata suka fara zama da gwaggonni da matan marigayan sojoji, sai aka ji rabin labarin da maza ba su taɓa faɗa ba: shekarun da aka yi babu wasiƙa, matar da aka ce mijinta ya mutu sai ga shi ya dawo a 1946, firgitar dare da ta bi wasu har tsufa, da wahalar komawa noma ko sana'a bayan an sallame su. Sau da yawa kuma su ne suka san akwatin da takardar sallama take. Muna ba da shawarar a ƙara yawan mata a kwamitin hira.

Game da takardu da lambobin yabo, mun yi zaman koyarwa domin membobi su san abin da ke hannunsu. Abu mafi daraja shi ne takardar sallama, saboda tana ɗauke da lambar soja, wadda ga sojojin Nijeriya take farawa da haruffan NA, ga na Gana kuwa da GC. Lambar ta fi suna amfani, domin masu rajista sun sha rubuta mutum da sunansa na yanka haɗe da sunan gari ko na ƙabila, ba da sunan mahaifinsa ba, har ya zama bataliya guda tana da mutane da yawa masu suna iri ɗaya. Lambobin yabo kuwa galibi ba a zana sunan mai su a jiki ba, amma suna nuna fagen da ya je. Tauraron Afirka yana nuni ga waɗanda suka yaƙi Italiyawa, kamar birged ɗin Nijeriya da ya shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 ya wuce Harar a ƙasar Habasha, Tauraron Bama kuma na waɗanda suka fuskanci Japanawa ne. Idan a hoto ko a tsohuwar riga an ga baƙin gizo-gizo a kan rawaya, to mai ita ɗan Runduna ta 81 ne. Mun ɗauki hoton duk abin da iyalai suka kawo muka mayar musu da kayansu a ranar, domin ƙungiya ba ta riƙe asalin takardar kowa. Abin baƙin ciki, gara da yoyon ɗaki sun riga mu zuwa gidaje da dama, kuma mun ji labarin masu yawo suna sayen lambobin daga hannun yara. Muna roƙon iyaye su ja kunnen 'ya'yansu.

Aikin ma'ajiyar takardu bai tsaya ba, ko da yake mun rage masa gudu. Wakilanmu sun duba fayilolin larduna a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda ake ganin yadda aka bi ta hannun hukumomin En'e wajen tara mutane, sun kuma karanta tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, domin jin yadda labarin yaƙin ya riƙa isowa gida da Hausa. Wani ɗan uwanmu mazaunin Ingila ya ɗauko mana hotunan wasu shafuka daga kundin yaƙi na bataliyoyi da ke ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya a Kew, Landan, a rukunin da ake kira WO 172. Ya kamata masu sa ran ganin sunan kakansu a ciki su sassauta buri, domin kundin hafsoshi ne suka rubuta, kuma da wuya ya ambaci ƙaramin soja. Amfaninsa shi ne yana faɗin inda bataliya take a kowace rana, ta yadda idan an san bataliyar mutum za a iya bin sawunsa kogi bayan kogi. Ta haka ne wani iyali suka gane cewa mahaifinsu yana cikin Birged na 3, wanda aka ware daga Runduna ta 81 aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan layin abokan gaba.

Ga iyalan da nasu bai dawo ba, mun yi amfani da rajistar Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila, wadda ake bincikawa kyauta a intanet da suna ko da lambar soja. Wasu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, wasu a Chittagong da ke Bangaladash a yau, wasu kuma sunansu kawai aka zana a bangon tunawa na Taukkyan, tare da kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Na halarci zaman da aka nuna wa wata baiwar Allah, wadda aka haifa bayan tafiyar mahaifinta, hoton dutsen da ke ɗauke da sunansa, kuma a ganina ko wannan kaɗai ƙungiya ta yi a bana, kuɗin da kuka tara bai tafi a banza ba.

Wata matsala da ta taso ita ce saɓani tsakanin abin da dattijo ya faɗa da abin da takarda ta nuna, musamman a kan shekara ko sunan wuri. Matsayar da muka ɗauka ita ce a rubuta kowanne yadda yake, a nuna daga ina ya fito, kada a gyara maganar tsoho don ta dace da kundi, kada kuma a ɓoye kundi don a faranta wa iyali. Tsufa yana haɗa abubuwa biyu ya mai da su ɗaya, amma hafsan da ya cika kundi a cikin tanti shi ma bai ga komai da komai ba.

A ranar 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da Mazan Jiya, mun gabatar da lacca ga matasa, inda muka fara da sunayen barikokin da suke ji kullum: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Myohaung a Legas, Mogadishu a Abuja. Kaɗan ne suka san cewa sunayen sun samo asali ne daga fagagen da kakanninsu suka taka da dakarun da suka yi yaƙi a cikinsu, kuma a Myohaung ne rundunonin biyu suka haɗu suka kori Japanawa a Janairun 1945.

A shekara mai zuwa, idan Allah ya kai mu, babban aiki shi ne mayar da faifan da muka tara zuwa rubutu, cikin Hausar da aka yi maganar, da ajiye kwafi a wurare biyu mabambanta, da miƙa wa kowane iyali nasu. Akwai kuma buƙatar da wasu membobi suka kawo cewa a faɗaɗa aikin ya haɗa da waɗanda suka je Kwango a farkon shekarun 1960 da waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Kwamiti yana ganin hujjarsu tana da ƙarfi, domin su ma shekaru sun ja, amma hannun da muke da shi bai isa duka biyun ba sai an sami ƙarin masu sa kai, don haka mun bar wa wannan taro ya yanke hukunci. Kafin nan, duk memban da ya san wani dattijo ko dattijuwa da ba mu kai gare su ba, ya ba mataimakin sakatare bayani kafin a tashi, domin a sa su a jerin ziyarar watan gobe.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.