Kada a zuba man birki a Marsandi mai ɗaga bayanta

Malam Edita,

Ka ba mu fili mu ja hankalin masu tsofaffin Marsandi dogaye, W123 da W124, da ke dakon kaya tsakanin Maradi da Ɗan Issa. Bayan motar nan mai ne ke ɗaga shi: famfo na tura man zuwa bawul ɗin da ke ƙarƙashinta, shi kuma ya daidaita tsayi gwargwadon lodi. Man da aka yi mata shi ne ZH-M. Man birki yana kumbura robobin ciki, sai ka ga ko'ina na yoyo.

In bayan ya yi tauri, mota na tsalle kamar amalanke, ƙwallaye biyu masu iskar nitrojin da ke tausasa tsallen bayan motar ne suka mutu. Fatar cikinsu ta yage, mai ya cika su, shi ya sa tankin man ZH-M ke raguwa ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Biyun ake canzawa tare.

Fitar da iskar da ta shiga hanyar man kuwa, a kan rami ake yinta, don mota na iya zama kan mutum. A cika tanki, a tada inji, a kwance sandar da ke haɗe da hannun bawul. A tura hannun sama har baya ya tashi, a jawo ƙasa ya sauka, sau huɗu ko biyar. Yaro ya tsaya kan tanki yana ƙara mai, har kumfa ta daina fitowa daga bututun dawowa. In mota ta kwana bayanta ya zauna kuma babu yoyo a waje, a fara tuhumar bawul kafin famfo.

Wasu makanikai,
Maradi