Amsa ga Malam mai shafin cigiya, tunda a bainar jama'a ka tambaye ni

Assalamu alaikum Malam,

Ya gida ya iyali, ya fama da jama'a, don na ji an ce mabiyanka sun ƙaru sosai a 'yan kwanakin nan, toh Allah ya ƙara. Kwana uku ke nan ina juya maganarka a raina, na rubuta na goge ya fi sau biyar, mijina ma cewa ya yi in ƙyale ka, amma wlh abin ya ƙi barina in yi barci.

Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba. Na yi ɗan rubutu na ce masu zaman kansu 'yan sandan ciki a intanet, waɗanda da an ce wani ya ɓace sai su hau zana taswira suna nuna wanda ya sace shi, ɓarnar da suke yi ta fi gyaran yawa. Sai Malam ya ɗauki rubutun ya karanta wa mabiyansa kai tsaye, ya kira ni "Hajiyar Landan", ya kawo Dadiyata, ya kawo wata 'yar Amurka, ya ce ko 'yan sanda ne suka ba ni kwangila, sannan ya rufe da tambayar da ta kawo mu nan: "Da a ce yayanki ne ko mijinki ya fita bai dawo ba, za ki ce mutane su yi shiru su jira hukuma? Me kika sani game da ɓatan mutum kina zaune cikin dusar ƙanƙara?"

Maganar kwangila ba zan tsaya kanta ba, kai ma ka san don a yi dariya ka faɗa kuma an yi. Landan kuwa ban taɓa kwana bakwai a jere a cikinta ba, a Preston nake, arewacin Ingila, aikin kula da tsofaffi nake yi, ina canza musu zanin gado da ƙarfe uku na dare, in wannan ne hajiyanci toh na karɓa.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta soke ni. Don ba "da a ce" ba ne Malam. Yayana ya taɓa ɓacewa, uwa ɗaya uba ɗaya, kwana 17 cur.

Lokacin ina gida ban taho ba. Da sanyin hunturu ne, bayan la'asar ya ce wa matarsa zai je kasuwa karɓo wasu kuɗi, ya sa hula ya fita, shi ke nan. Mun zaga asibitoci, mun leƙa ɗakin ajiye gawa har biyu, ni da ƙanin babanmu, ina toshe hanci da gyale ana jawo mana aljihun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Mun kai rahoto wani ofishi da ba zan kama sunansa ba aka ce mu kawo kuɗin mai. Don haka in kana so ka koya min cewa hukuma na da sakaci, ka makara, na sani tun kafin ka buɗe shafi. Mu da kanmu muka sa hotonsa a Facebook da lambar wayar Inna, kuma har gobe ban yi nadamar wannan ba, cigiya ce, abin da iyayenmu ke kai wa gidan rediyo da masallatan Juma'a tun kafin a haife mu.

Abin da ya biyo baya ne na kasa mantawa. A kwana na uku wata da ta ce ita maƙwabciya ce ta rubuta a ƙarƙashin hoton wai ta ji hayaniya a gidan daren da zai ɓace. Kafin gari ya waye an nemo hoton Anti, matar yayana, wanda ta ɗauka a wajen wani biki tana dariya, an jera shi da nasa, an zagaye fuskarta da jan layi an rubuta "ku kalli idon nan da kyau". Wani ya ce ya yi bincike ya gano tana da ɗan'uwa a wani gari da ake yawan garkuwa da mutane. Wani ya ce asiri ne, kurciya ta yi masa. Wata ta kirga kwanaki ta ce ai ba a gan ta tana kuka ba. Wayar Inna kuwa ba ta huta ba, ƙarfe biyun dare a kira a ce an gan shi a tasha kaza a turo kuɗin mota, a kira a ce wani malami ya duba ya ga yana cikin rijiya a yamma da gari, tsohuwa mai hawan jini tana zaune a kan tabarma da waya a cinya tana jin tsoron kashewa kar ace shi ne zai kira. Yara suka riƙa jifan ƙofar gidan Anti. Ranar da ta fita sayen maganin ɗanta mai shagon ya ƙi karɓar kuɗinta, ya ce ta fara faɗin inda ta kai mijinta.

Gaskiyar da muke ɓoyewa ita ce yayana yana da larurar ƙwaƙwalwa, yana shan magani shekaru, ba wanda ya sani sai mu na cikin gida, kuma ya bar shan maganin ba mu lura ba. Hayaniyar da maƙwabciya ta ji, Anti ce ke roƙonsa ya sha. Don mu wanke ta dole muka fito muka faɗa wa duniya ciwonsa, abin da ya roƙe mu da girman Allah kar mu taɓa faɗa. A kwana na 17 wani ɗan kamasho a tashar wani gari ya gane shi daga takardar da muka lilliƙa, ya ba shi shayi da burodi ya zaunar da shi ya kira mu. Ya dawo da rai alhamdulillah. Amma ya dawo garin da kowa ke kiransa mahaukaci, abokan cinikinsa suka janye, Anti kuma ta tafi gidansu ba ta sake dawowa ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Cikin duk masu jan layin nan babu ko mutum ɗaya da ya dawo ya ce a yafe masa.

Shi ya sa da abin Nicola Bulley ya faru ina nan, jikina ya riƙa rawa kamar an dawo da ni baya. Ƙauyen St Michael's on Wyre bai kai tafiyar minti 30 a mota daga inda nake ba. Ranar 27 ga Janairun 2023 matar nan mai shekara 45 ta kai 'ya'yanta mata biyu makaranta, ta fita da karenta bakin kogin Wyre, aka tsinci wayarta a kan benci tana haɗe da taron wajen aikinta, karen na yawo shi kaɗai. 'Yan sanda tun da wuri suka ce sun fi zaton ruwa ta faɗa. Intanet ta ce ina, ai wannan ya yi sauƙi da yawa. Mutane suka riƙa tuƙo mota daga garuruwa masu nisa da wayoyi a hannu, suna ɗaukar hoton kansu a kan bencin, suna kutsawa gonakin mutane da wani tsohon gida da ke tsallaken kogin da dare, har sai da 'yan sanda suka fitar da umarnin korar masu ɗaukar bidiyo daga ƙauyen. Uban 'ya'yanta kuwa ya sha abin da Anti ta sha, an ce ya yi murmushi a hira, an ce bai yi kuka yadda ya kamata ba, ƙawayenta ma ba su tsira ba. Wata abokiyar aikina Baturiya kullum lokacin hutu sai ta nuna min TikTok tana cewa ke dubi fuskarsa, wannan ya san wani abu, rannan dai na tashi na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Sai ranar 15 ga Fabrairu 'yan sanda suka fito suka faɗa wa duniya cewa matar tana fama da matsalar giya da ke da nasaba da ɗaukewar al'ada. An yi musu ca, har firaministan lokacin Rishi Sunak ya nuna damuwa, kuma binciken da aka yi daga baya ya ce bai kamata a faɗa ba. Na yarda sun yi kuskure babba. Amma ka karanta abin da danginta suka ce washegari, sun ce akwai masu yaɗa jita-jita da masu barazanar sayar da labarinta ga jaridu. Wato surutun ne ya tura aka tona mata asiri, kamar yadda ya tura mu muka tona na yayana. Ranar 19 ga Fabrairu aka ga gawarta cikin ciyayin bakin kogi, wajen mil ɗaya daga bencin. A watan Yuni aka yi zaman binciken mutuwarta a nan Preston aka tabbatar faɗawa ta yi cikin ruwan sanyi ta nitse, ba hannun kowa. Abin da aka faɗa tun makon farko ke nan. 'Ya'yanta za su girma su buɗe waya su ga abin da aka rubuta kan ubansu.

Ka kawo Gabby Petito, 'yar Amurkan nan da ta ɓace, a matsayin hujja, toh naji. Gaskiya ne a 2021 wasu ma'aurata masu ɗaukar bidiyon tafiye-tafiye sun duba abin da suka ɗauka a Wyoming suka ga farar motarta a gefen hanya, kuma a kusa da wurin aka samu gawarta. Amma su sun je wurin, sun gani da idonsu, shaidu ne, ba su zauna a ɗaki suna karanta fuskar mutum ba. Har Iniubong Umoren ta Akwa Ibom zan ƙara maka da kaina tunda ka manta da ita, da ta ɓace ƙawarta ce ta yi kururuwa a Twitter a 2021 mutane suka taya, aka kama wanda ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Ban taɓa cewa a yi shiru ba Malam, ka koma ka karanta rubutun da ka karanta wa mutane rabinsa. Amma tunda kana son misalan Amurka, me ya hana ka ba su labarin Sunil Tripathi? Ɗalibi ne a jami'ar Brown, ya ɓace a watan Maris na 2013, danginsa na nemansa, sai bam ya tashi a gasar gudu ta Boston a watan Afrilu, masu bincike a dandalin intanet na Reddit suka haɗa hotonsa da na wanda ake nema suka ce shi ne. Dangin da ke kukan ɗansu suka kwana ana kiransu dangin ɗan ta'adda, sai da suka rufe shafin cigiyar na wani lokaci. Bayan kwanaki aka tsamo gawarsa a ruwa, ba ruwansa da bam. Reddit dai sun fito sun ba da haƙuri, wanda ya fi abin da wasu suka yi.

Dadiyata kuwa don Allah ka daina ɗaukar sunansa kana kare kanka da shi. Mutumin da aka ɗauke a ƙofar gidansa a Barnawa cikin Kaduna a watan Agustan 2019, "ina Dadiyata" tambaya ce da ake jefa wa masu mulki da masu bindiga, waɗanda ke da ikon amsawa kuma haƙƙinsu ne su amsa, ni ma na yi ta kuma zan ci gaba da yi. Wannan ina ya haɗu da zagaye fuskar matar aure da jan layi, wadda ba ta da lauya ba ta da ɗan sanda a ƙofa? Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar mutum fiye da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, yawancinsu a rikicin arewa maso gabas, ban taɓa ganin ka yi zaman awa uku a kansu ba, ko don babu kishiya ko matar gida a labarin da za a ce "ku faɗi ra'ayinku" a kanta? Ni dai na lura duk ɓatan da ka fi zaƙewa a kai sai da mace a gefe da za a tuhuma, kuma a nan ne kyaututtukan masu kallo ke zuba, zaki da fure suna ta shawagi a fuskar waya kana cewa Allah ya saka da alheri. Ban ce don kuɗi kake yi ba, zato zunubi, kai ne dai ka fara maganar kwangila.

Kuma abin da ke ƙona min rai da mu gaba ɗaya, ba kai kaɗai ba, mun san darajar rufin asiri a baki, a wa'azi, a wajen ɗaurin aure, amma da an ba mu data sai mu manta. Mutumin da ba zai iya tsayawa a ƙofar gidan maƙwabcinsa ya ce matarka ce ta sace ka ba, shi ne zai rubuta wa mutum dubu hamsin haka yana kwance yana cin gyaɗa. In an ga mutumin kuma sai a rubuta alhamdulillah a wuce na gaba kamar ba a yi komai ba.

Saura abu ɗaya, shi na fi jinkirin rubutawa. Ka ce me na sani. Hoton Anti mai jan layin nan, shafuka da yawa sun ɗauka, amma wanda ya fi yaɗa shi naka ne, lokacin mabiyanka ba su kai haka ba, ka rubuta a samansa "biri ya yi kama da mutum". Na san ba ka tuna ba, ba ka ma san sunan gidanmu ba, shi ya sa ka iya kallon waya ka yi min waccan tambayar. Na duba jiya da daddare bayan na taso aiki, yana nan ba ka goge ba, da maganganun mutane a ƙarƙashinsa, ɗanta kuma yanzu ya isa riƙe waya. Na tura maka hoton shafin ta saƙon sirri tun shekaranjiya, alama ta nuna ka buɗe. Ba sai ka ambaci sunana ba, ba sai ka yi zama a kai ba, ka goge shi kawai, in kuma da hali lambar yayan Anti na wajena.

Wassalam,
'Yar'uwarka da ka kira Hajiyar Landan, daga Preston.